Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Abin Da Ke Ɓoye Sikila A Watannin Farko Na Jariri

Duk wanda ya zauna da iyayen yara masu sikila a nan Cacavéli ko a Zangon Agoè ya san maganar da ba ta canzawa a bakinsu: "Ai lafiya lau na haife shi." Kuma gaskiya suke faɗa. Ana yin suna yaro na ɓul-ɓul, a yi arba'in babu ko zazzaɓi. Sai ya kai wata biyar ko shida a wayi gari yatsun hannu da na ƙafa sun kumbura, yana tsala kuka ba ya yarda a taɓa shi. Daga nan zargi ke tashi. Wani ya ce baki ne, wata ta ce nonon uwar ne ba shi da kyau, wasu su waiwayi kishiya ko wata tsohuwa a unguwa. Hujjarsu ɗaya ce: in da gado ne, me ya hana shi bayyana tun ranar haihuwa?

Tambayar tana da amsa, kuma amsar tana cikin jinin yaron. An haife shi da ciwon, amma a watannin farko wani nau'in jini ne daban ke aiki a jikinsa, wanda sikila ba ta iya taɓawa. Daga baya jiki da kansa yake rufe wannan ya buɗe wani. Ni malamin makaranta ne, ba likita ba, amma na ga ya kamata mu san su wa ke wannan rufewa da buɗewa, don a kan saninsu aka gina ɗaya daga cikin magungunan sikila mafiya tsada a duniya, kuma sanin yana da amfani ga mu da ba za mu iya sayen maganin ba.

Littafi ɗaya, shafuka daban-daban

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda ake kira sel. A cikin kusan kowane sel akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda a littattafanmu na Faransanci ake rubuta ADN. Zaren nan rubutu ne, da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Abin da mutum ya gada daga uwa ya kai haruffa wajen biliyan 3, haka ma daga uba. A cikin wannan rubutu akwai wurare kusan 20,000 da kowanne ke ɗauke da bayanin yadda za a haɗa wani furotin. Su ne ƙwayoyin gado. Don sauƙi, bari mu kira kowanne shafi.

To ga abin mamaki. Littafin da ke cikin sel na ido shi ne dai a cikin na hanta, shi ne a cikin na ɓargo. Abin da ya bambanta su shi ne shafukan da kowanne yake buɗewa. Sel na ɓargo da zai zama jan ƙwayar jini yana buɗe shafin himoglobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin. Na ido yana da wannan shafin, amma a rufe yake har abada.

Buɗe shafi yana nufin a kwafe shi, a kai kwafin inda ake haɗa furotin. Akwai wani injin kwafi a cikin sel, amma ba ya tashi da kansa, sai an ba shi izini. Masu ba da izinin su ma furotin ne. Malaman kimiyya na ce musu facteurs de transcription da Faransanci, ni kuma a nan zan kira su masu izini. Kowanne yana gane wata 'yar gajeriyar kalma a jikin DNA, ya je ya zauna a kanta. Wasu in sun zauna sai su kira injin kwafi, wasu kuma zamansu hani ne. Faransawa biyu, François Jacob da Jacques Monod, na cibiyar Pasteur a Faris, su suka fara bayyana wannan a 1961, a jikin ƙwayar bakteriya, suka sami kyautar Nobel a 1965. A jikin ɗan Adam an ƙirga irin waɗannan masu izini kusan 1,600.

Me ya sa ɗaya ba ya isa?

Nan ne lissafi ke shigowa, irin wanda ɗan aji shida zai iya yi. Kalmar da mai izini yake ganewa gajeriya ce, galibi haruffa 6 zuwa 12. Mu ɗauki mai haruffa 6. Tun da haruffan huɗu ne, a ninka 4 sau shida, a sami 4,096. Ma'ana ko da rubutun hargitse yake, wannan kalma za ta riƙa faɗowa sau ɗaya a cikin kowane haruffa 4,096. A raba biliyan 3 da wannan, za a ga ta bayyana sama da sau 700,000. In da mai izini ɗaya zai buɗe shafi duk inda ya ga kalmarsa, da jiki ya rikice.

Amma a ce sai an sami kalmomi biyu, kowace mai haruffa 6, a jere da wata tazara ƙayyadadda, sannan izini ya tabbata. Yanzu haruffa 12 ake nema. Wuraren da za su dace a kan sa'a sun faɗo daga 700,000 zuwa ƙasa da 200. A ƙara na uku, kusan babu sauran kuskure. Kamar ɗaurin aure ne: waliyyi shi kaɗai ba ya ɗaurawa, shaidu su kaɗai ba sa ɗaurawa, sai kowa ya hallara a zaure ɗaya a lokaci ɗaya.

Wannan haɗin kai yana zuwa ta hanyoyi da dama. Wani lokaci masu izini biyu suna riƙe juna kai tsaye, ko wani furotin na uku ya haɗa su, ta yadda in ɗaya ya zame ɗayan zai riƙe shi. Wani lokaci ba sa ko taɓa juna. Dalili kuwa, DNA ɗin sel ɗaya in an miƙe shi ya kai wajen mita 2, don haka a nannaɗe yake a jikin wasu furotin kamar zare a kwarkwaro, haruffa 147 a kowane kwarkwaro. Kalmar da aka naɗe ba ta karantuwa da sauƙi. Mai izini ɗaya ba shi da ƙarfin ture kwarkwaron, amma uku ko huɗu in suka matsa tare sai ya gusa. Akwai kuma lokacin da zaman na farko yake ɗan lanƙwasa zaren, lanƙwasar ta gyara wa na biyu wurin zama. A 2015 ƙungiyar Jussi Taipale a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin ta gwada tagwaye 9,400 na masu izini, ta sami 315 da ke kama DNA tare, kuma da yawansu in sun haɗu kalmar da suke ganewa takan bambanta da wadda kowanne ke ganewa shi kaɗai. Wato haɗuwarsu kanta tana haifar da sabuwar kalma.

Harafi ɗaya a shafin beta

Mu dawo kan jini. Himoglobin na babba yana da sassa huɗu: alfa biyu, beta biyu. Shafin beta yana kan kuromosom na 11. A wuri na shida na wannan shafi, inda yawancin mutane ke da GAG, mai sikila yana da GTG. Harafi ɗaya ke nan cikin biliyan 3. Himoglobin da aka haɗa da wannan kuskure, wanda ake kira S, in ya sauke oksijin sai ya manne da 'yan'uwansa su zama kamar sanduna, jan ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Irin waɗannan ƙwayoyi suna toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ne ciwon ƙashin da ke sa yaro birgima. Kuma ba sa daɗewa: lafiyayyar ƙwaya tana kwana 120, ta sikila kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa jinin yaron kullum a ƙasa yake, idonsa na yin ɗorawa kamar mai shawara.

Ciwon ba baƙo ba ne a yankinmu. Mu muna ce masa amosanin jini, a takardar asibiti ana rubuta drépanocytose. Likitan Gana Felix Konotey-Ahulu ya tattara sunayensa a harsunan maƙwabta, ciki har da nuidudui na Ewe da ahotutuo na Twi, har ya bi sawunsa a cikin danginsa zuwa wajen 1670, tun kafin likitan Amurka James Herrick ya rubuta shi a 1910. Wani babban ƙiyasi na duniya ya nuna a 2021 an haifi jarirai wajen 515,000 da sikila, kusan kashi 80 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara. Ya yawaita a wajenmu ne saboda mai ɗauke da S guda ɗaya, wato AS, yana da ɗan kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro.

Amma jariri a ciki ba ya amfani da beta. Yana da nasa shafin, gamma, a kan kuromosom ɗin dai, kusa da na beta. Alfa biyu da gamma biyu su ne himoglobin F, jinin tayi, wanda ya fi na uwa ƙarfin jan oksijin. Kuskuren sikila yana shafin beta, babu shi a gamma. Bayan haka ma, F in ya shiga tsakanin himoglobin S yana hana su mannewa. Ranar haihuwa mafi yawan himoglobin ɗin jariri F ne, wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Daga nan yake ta raguwa, har a lafiyayyen babba ya koma kusan kashi 1. Yayin da F ke janyewa S na cike gurbinsa, sai ciwo ya fito fili. Wata likitar yara a Brooklyn ta Amurka, Janet Watson, ita ta fara lura da haka tun 1948. Ga amsar tambayar iyaye ke nan. Babu wanda ya yi wa yaron baki a wata na shida, garkuwar da aka haife shi da ita ce ta sauka.

Su wa ke sauke garkuwar?

A can gefe, dubun-dubatar haruffa nesa da shafin beta, akwai wani yanki na DNA da ba ya haɗa furotin ko ɗaya. Aikinsa tara masu izini, kamar zauren mai unguwa. A sel ɗin da zai zama jan ƙwayar jini, manyan zauren su ne GATA1, wanda aka sa wa sunan kalmar da yake ganewa, wato G-A-T-A, da TAL1. Kalmomin su biyun suna zuwa kusa da juna, wani furotin LMO2 ya haɗa su, wani kuma LDB1 ya ɗaure tawagar. Irin wannan tawaga tana zaune a zauren, wata kuma tana bakin shafin da za a buɗe. LDB1 na nan ya kama LDB1 na can, zaren ya lanƙwaso, zaure ya zo har ƙofar shafi, injin kwafi ya tashi. A cikin ciki zaren yana lanƙwasowa kan gamma. Bayan haihuwa sai ya tsallake gamma ya sauka kan beta.

Abin da ke jawo tsallaken ma aikin gayya ne. Wani mai izini, KLF1, yana aiki biyu a lokaci ɗaya: yana taimakon buɗe beta, yana kuma taimakon buɗe shafin wani furotin da ake kira BCL11A, can a kuromosom na 2. Shi BCL11A mai hani ne. Yana zuwa bakin ƙofar gamma, wajen haruffa 115 kafin farkon shafin, ya zauna a kan kalmar TGACCA, ya tare wurin da wani mai buɗewa yake zama. Wani mai hanin na biyu, ZBTB7A, yana zama a wajen haruffa 200. Dukansu biyu suna kiran wata tawaga mai suna NuRD ta zo ta matse zaren a kan kwarkwaro. Shi ke nan gamma ya rufu.

A lura da GATA1 a nan. Shi ne a zauren da ke buɗe himoglobin, shi ne kuma, kamar yadda za mu gani, a zauren da ke tayar da mai rufe gamma. Abin da mai izini zai aikata ya danganta da inda ya zauna da kuma wanda ya zauna kusa da shi.

Daga Akara zuwa Boston

Yadda aka gano duk wannan ya faro ne daga maƙwabtanmu. A 1955, a Akara, lokacin ana ce wa ƙasar Gwalkwas, likitoci biyu, Edington da Lehmann, suka ba da labarin manyan mutane da gwaji ya nuna kamar SS ne, amma lafiyarsu ƙalau. Da aka bincika sai aka ga jinin tayi bai rufe a jikinsu ba, kuma abin gado ne. Daga baya aka sami iyalai irin haka a ƙasashe da dama. Wasu wani yanki ne na DNA ya ɓace musu, wasu kuma harafi ɗaya ne ya canza a bakin ƙofar gamma. Mai S da ya gaji wannan, jininsa na da F wajen kashi 30 cikin 100 a watse a duk ƙwayoyinsa, kusan ba ya ganin ciwo. Wannan ya nuna wa likitoci cewa in an hana gamma rufewa an karya ƙarfin sikila.

An shekara sama da 50 ana neman mai rufewar. A 2007 da 2008 bincike kan DNA na dubban mutane, a Landan da tsibirin Sardiniya na Italiya, ya nuna masu F da yawa suna da ɗan bambanci a wajen shafin BCL11A. A 2008 Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Boston suka tabbatar cewa in an rage BCL11A, gamma na sake buɗewa. A 2010 aka sami wani iyali a tsibirin Malta da KLF1 ɗinsu guda ɗaya ba ya aiki, jininsu cike da F. A 2018 ɗakin binciken Orkin da na Merlin Crossley a Sidni ta Ostireliya suka nuna cewa haruffan da suka canza a waɗancan iyalai masu sa'a, a daidai kujerun masu hanin nan suke. An lalata kujera, mai hani ya rasa wurin zama.

Sai dai akwai matsala. BCL11A ba a jini kaɗai yake aiki ba. Ƙwaƙwalwa na buƙatarsa, haka ma wasu fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki. In an kashe shi baki ɗaya an yi gyaran gangar auzinawa. Mafita ta fito daga wannan haɗin kai da muke magana. A 2013 Daniel Bauer da Orkin suka gano cewa shafin BCL11A yana da wani zaure na musamman da ba ya aiki sai a sel ɗin jajayen ƙwayoyin jini. A 2015 aka bi zauren harafi-harafi, aka ga akwai wata kujera ta GATA1 da in an ɓata ta duk taron ya watse. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ruwanta, don ita da nata zauren da nata mahalartan.

Maganin da ya fi biliyan

Abin da maganin Casgevy yake yi ke nan. Ana ɗebo sel-sel masu haifar da jini daga jikin majiyyaci, a yi amfani da almakashin DNA da ake kira CRISPR, wanda Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka sami Nobel a kansa a 2020, a yanke wannan kujera ta GATA1, sannan a mayar masa da su. Ba a gyara kuskuren sikila ba, yana nan yadda yake. Amma GATA1 ya rasa wurin zama, BCL11A ya yi ƙasa a jini, gamma ya buɗe, jinin tayi ya dawo a jikin babba. Wata mata 'yar jihar Mississippi, Victoria Gray, ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa a Amurka, a 2019. Ingila ta amince da maganin a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba 2023. A gwajin da aka dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla wata 12 a jere babu mummunan tashin ciwo.

To amma kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, sama da sefa biliyan ɗaya. Kafin a mayar da sel ɗin sai an ba majiyyaci magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji don a share ɓargonsa, wanda kan iya hana haihuwa, sannan ya yi makonni a asibiti. Kuma 'ya'yan da zai haifa za su iya gadon S, don a ɓargo kaɗai aka yi aikin. Ban kawo labarin nan don wani ya sa rai da shi gobe ba. Na kawo shi ne don ya tabbatar da abu ɗaya: yawan jinin tayi shi ne babban abin da ke sassauta sikila.

Wannan ma yana cikin dalilan da ke sa yara biyu, dukansu SS, ɗaya ya riƙa kwanciya duk wata, ɗaya kuma sai a shekara ba a ji shi ba. A aji ina ganin haka, musamman lokacin hunturu da farkon damina. Wani kujerarsa ba ta rabuwa da zama babu kowa, wani kuma sai mahaifiyarsa ta faɗa maka sannan ka san yana da ciwon. Mutane su ce wancan an tsaya masa da magani, wannan an yi sakaci. Sau da yawa bambancin yana cikin 'yan haruffan da ke kewaye da waɗannan kujeru. Nau'in sikilar da ake kira na Senegal da na gabashin Saudiyya da Indiya suna zuwa da F mai yawa, shi kuwa nau'in Benin, wanda ya fi yawa a yankinmu, nasa bai kai haka ba.

Abin da hannunmu ke kaiwa

Akwai magani mai sauƙin kuɗi da ke ɗaga jinin tayi, sunansa hydroxyurea, a kantin magani na nan za a ga an rubuta hydroxyurée. An gano amfaninsa tun kafin a san BCL11A, Amurka ta amince da shi ga manya masu sikila a 1998. An daɗe ana tsoron ko zai cutar da yaran Afirka masu fama da zazzaɓin sauro da ƙarancin abinci. Wani bincike da aka buga a 2019, kan yara wajen 600 a Angola, Kongo, Kenya da Uganda, ya nuna ya rage tashin ciwo, ƙarin jini da mutuwa, har zazzaɓin sauron ma ya ragu.

A ƙasar Hausa ma an gwada. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala a Kano, da Asibitin Barau Dikko a Kaduna, likitocin Najeriya tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun bi yara 220 da na'urar duba jijiyoyin kai ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya. A ƙasashen da ke da wadatar jini, irin waɗannan yara ƙarin jini ake musu duk wata, abin da ba kowane gida zai iya ba a wajenmu. Amma don Allah kada wani ya je ya sayo ya ba yaro. Magani ne da sai likita ya auna shi da nauyin yaro, yana kuma duba jininsa lokaci-lokaci.

Watannin nan na farko da yaro yake lafiya lau, su ne lokacin da ya fi dacewa a san matsayinsa. Saifar mai sikila tana fara lalacewa tun yana jariri, ƙwayar cuta ƙarama sai ta kashe shi cikin kwana ɗaya. Bincike a Amurka a 1986 ya nuna ba wa irin waɗannan yara fenisilin kullum ya rage wannan mummunan kamu da kashi 84 cikin 100, kuma ana fara shi tun yaro na wata biyu zuwa uku, kafin alama ta fito. Shi ya sa Dokta Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a Kumasi tun 1995. Iyayen da suka san su biyun suna ɗauke da S ko C, kada su jira kumburin yatsu. A nan Lome akwai cibiyar ƙasa ta bincike da kula da masu sikila, CNRSD, ga kuma manyan asibitocin koyarwa, Sylvanus Olympio da Campus. A kai yaro a gwada shi, a cika masa allurar riga-kafi, ya kwana cikin gidan sauro, a yawaita ba shi ruwa, zazzaɓi kuma kada ya kwana a gida.

Sai maganar aure, wadda ita ce mai nauyi. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Kowane ciki, ba ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Ana iya haifar huɗu duk lafiya, ana iya haifar uku a jere duk masu ciwo. Kuma daga uwa da uba ake gado, rabi da rabi, don haka dangin miji su daina ɗora wa matar laifi. A yankinmu akwai ƙarin abin lura: himoglobin C ya yawaita a arewacin Togo da arewacin Gana da Burkina Faso. AS da AC na iya haifar SC, shi ma sikila ne, yakan taɓa ido da ƙashin ƙugu. Gwajin Emmel da aka saba yi ba ya ganin C, ba ya kuma bambanta AS da SS. Wanda za a nema shi ne électrophorèse. Kada kuma a rikita shi da rukunin jini. Na sha jin saurayi na cewa "ai ni O ne, ba ni da matsala." O da A da B wani abu ne daban, ba su da alaƙa da sikila.

A Kano, a watan Mayun 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila. Mu a nan tsiraru ne, aurenmu kuma yawanci a tsakaninmu yake zagayawa, ɗan wa da 'yar ƙani, ɗan Zango da 'yar Zango. Ba sai mun jira doka ba. Limamanmu da iyayenmu za su iya mayar da shi al'ada a tambayi takardar gwaji tun ranar gaisuwa, kafin a kai kuɗi, kafin zukata su yi nisa. Gwajin da aka yi ana saura mako ɗaya biki ba ya hana komai, sai dai ya jawo kuka da ɓoye takarda. Mafi kyau ma yara su san matsayinsu tun suna makaranta.

Waɗanda kuma Allah Ya riga Ya ba su yaro mai sikila, su sani yau masu wannan ciwo suna girma, suna karatu, suna aure, in sun sami kulawa da wuri. Malamai 'yan'uwana, a bar shi ya sha ruwa a aji, a bar shi ya fita bayan gida, kada a tsayar da shi cikin ruwan sama ko a sa shi gudu a rana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba iyayensu haƙuri.